Rubutun Sinawa A Kasuwar Darki Da Muryar Da Ke Cikin Waya

Duk wanda ya ratsa kasuwar Darki ranar da take ci, in dai ya buɗe ido, zai ga wani irin rubutu da kakanninmu ba su san shi ba ya cika rumfuna. Yana jikin kwalin injin ban-ruwa, yana bayan batirin sola, yana kan tocila da rediyo da fulas ɗin shayi, yana kuma cikin 'yar takardar nan da ake ninkewa a cusa a kwalin sabuwar wayar hannu. Haka abin yake a kasuwar Wudil ranar Juma'a, balle a Kantin Kwari da Sabon Gari a birni. Rubutun Sinawa ya shigo mana ba da sallama ba, ya sami wuri ya zauna, mu kuma muka saba da ganinsa kamar yadda ido ke sabawa da zanen atamfa: ana kallo, ba a tambayar me ya ce.

Akwai abin da ya raba wannan rubutu da sauran waɗanda muka taɓa cin karo da su. Ɗan makarantar allon da bai san Larabci ba yana iya ɗaukar littafin Larabci mai wasula ya karanta da ƙarfi, ko da bai fahimci ma'ana ba. Ɗan boko ma yana iya jan Faransanci ko Jamusanci a bakinsa, ya yi ta tuntuɓe har ya kai ƙarshen layi. Rubutun Sinawa kuwa ba ya ba da wannan ƙofa. Kowane harafi gaɓa guda ce mai ma'anarta, ba a tattara shi daga baƙi da wasali ba, saboda haka in ba a taɓa faɗa maka yadda ake furta shi ba, ko ka kwana kana kallonsa bakinka ba zai motsa ba. Farfesa da wanda bai taɓa shiga aji ba duk ɗaya suke a gabansa.

A ƙauye kuwa ba a karɓar irin wannan uzuri daga wanda ake kira Dakta. Aikina a jami'a nazarin harshe ne, kuma a wurin mutanenmu wannan yana nufin babu rubutun da zai gagare ni a bayan ƙasa. Duk ƙarshen makon da na je gida sai na tarar da abin karantawa yana jirana: takardar asibiti, sammacin kotu, saƙon banki, yanzu kuma ga kwalaye masu zanen Sinawa. Wannan matsin lamba ta dangi ita ta sa na sauke ƙamus ɗin Sinanci mai suna Pleco a wayata shekaru kaɗan da suka wuce, kuma tun daga lokacin bai bar aljihuna ba.

Kafin a yaba wa manhaja, ya kamata a san wahalar da ta ɗauke. Ƙamus ɗin da aka kammala a 1716 bisa umarnin Sarki Kangxi yana ɗauke da haruffa sama da 47,000, an kasa su ƙarƙashin tushe 214. Mai neman harafin da bai sani ba sai ya fara gano wane ɓangare ne tushensa, ya ƙirga layukan da suka rage bayan tushen, sannan ya bi jadawali har ya kai shafin. In ya kuskure ƙirga layi ɗaya, ya ɓata. Idan ma ya samo harafin, tsohuwar hanyar nuna furuci ita ce a kawo masa wasu haruffa biyu, ya ɗauki farkon sautin na ɗaya ya haɗa da ƙarshen sautin na biyu, wato sai wanda ya riga ya iya karatu ne zai amfana. Yau kuwa hanya uku ce a tafin hannu. Ko dai a haska harafin da kyamarar waya, ko a zana shi da yatsa a kan gilashin, ko a rubuta sautinsa da baƙaƙen boko in an ji shi a bakin wani. Cikin ƙiftawar ido sai ga furuci a rubuce, ga ma'ana, ga kuma ɗan maɓallin da za a taɓa murya ta faɗe shi, a maimaita sau ɗari ba ta gajiya.

Wani zai ce, to mene ne abin wahalar da kai a kan furuci, tunda akwai manhajojin da ke fassara takarda sukutum da zarar an haska ta? Amsar da na fi gamsuwa da ita daga gona ta zo mini.

Manoman tumatir na jiharmu ba su manta da ɓarnar da tsutsar nan da suke kira sharon ta yi musu a 2016 ba, kuma tun daga nan duk maganin feshin da aka ce yana da ƙarfi suna rububinsa. Wata ranar Asabar baffana ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da wata 'yar leda ta maganin ƙwari da wani ya kawo masa tsaraba, babu kalmar Turanci ko ɗaya a jikinta. Jikansa ya riga ya haska ta da wata manhajar fassara, ta kuma nuna masa cewa leda ɗaya ta eka ɗaya ce.

“Dakta, zo ka duba mini,” in ji shi. “Yaron nan ya ce wannan 'yar abar za ta ishi eka guda. Ni kuwa hankalina bai kama ba.”

“Allah Ya ƙara maka lafiya, Baffa, bari mu ji abin da harafin ya ce da bakinsa.”

Na zana harafin da aka fassara da eka, ƙamus ya ce ana furta shi “mu”, ma'aunin fili ne na Sinawa, kuma goma sha biyar ɗinsa ne ke yin hekta ɗaya. Eka guda ta kai kimanin “mu” shida. Da Baffa ya bi waccan fassara, da ya tsinka maganin fili ɗaya ya watsa a fili shida, ƙwari su sha su yi hamdala, shi kuma ya yi asarar kuɗin mai da na 'yan feshi da amfanin gonar baki ɗaya. A ƙarshe shawarar da muka tsaya a kai ita ce a ajiye ledar kada a yi amfani da ita, domin maganin da ba shi da bayanin Turanci, ba shi da lambar hukumar NAFDAC, bai cancanci shiga gonar da mutane za su ci amfaninta ba. Aka nemi malamin gona ya rubuta wanda aka sani.

Darasin da ke nan shi ne, fassara takan ba mutum abin da ya riga ya sani a madadin abin da bai sani ba. Ta ga ma'aunin fili, ta lalubo mafi kusa da shi a Turanci, ta miƙa. Furuci kuwa yana ba ka sunan abin na ainihi, kuma wanda ya riƙe suna yana iya bin sawu ya yi tambaya. Haka “jin” yake, ma'aunin nauyin da ake ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Sin, wanda rabin kilo ne. Haka “wan”, wato dubu goma, wadda da ita suke ƙirga manyan kuɗi, ta yadda abin da muke kira dubu ɗari su “wan” goma suke cewa. Haka kuma kwanan watan da ke jikin kayan abincinsu, wanda sau da yawa ranar da aka yi kayan ce, sai a rubuta tsawon lokacin da za su yi ba su lalace ba a wani layin daban. Suna fara rubuta shekara, sai wata, sai rana. Abin da ya ba ni sha'awa a nan, harafin da ke nufin wata na kalanda shi ne dai harafin wata na sama, na rana ta kwanan wata kuma shi ne na ranar da ke fitowa daga gabas, daidai da yadda Bahaushe ya haɗa su a bakinsa.

Dalili na biyu ya shafi ciniki. Ƙanena yana cikin matasan da suka tashi daga tsaron shago a Kwari suka fara saro kaya da kansu daga Guangzhou, birnin da bakin 'yan kasuwarmu ya mayar Gwanzu. Yawancin hulɗarsa da masu masana'anta ta WeChat ce, kuma mutanen can sun fi son aika saƙon murya. Sunan unguwa, sunan kasuwa, sunan mutumin da ke riƙe da kuɗinka, duk abubuwa ne da sai an faɗe su da baki. Mu da kanmu mun san zafin a ɓata mana suna. Mun san yadda muke ji idan baƙo ya tsaya ya koyi cewa “ina wuni” daidai, da yadda farashi ke sauka saboda wannan kaɗai. Ba mu fi kowa son a girmama harshenmu ba.

A nan ne kuma Bahaushe yake da wata riba da bai san yana da ita ba. Sinancin Mandarin, wanda shi ne daidaitaccen harshen ƙasar, yana da gaɓoɓi kimanin 400 ne kacal idan aka cire karin sauti, saboda haka nauyin rarrabe ma'ana ya faɗa kan hawa da saukar murya. Kari huɗu ne manya. Gaɓar “ma” idan aka ɗaga ta sama aka riƙe, uwa ce. Idan ta taso daga ƙasa ta hau, wata tsiro ce mai kama da rama. Idan ta nutsa ƙasa sannan ta ɗago, doki ne. Idan ta faɗo daga sama da ƙarfi, zagi ne. Bature mai koyon Sinanci yakan sha wuya kafin kunnensa ya yarda cewa waɗannan kalmomi huɗu ne daban. Mu kuwa da wannan aka yaye mu. Yaron goye ya san kuka na hawaye daban da kuka ta miya, ya san wuya na jiki daban da wuya ta wahala, kuma babu abin da ya raba su sai karin sauti.

Misalin da na fi bai wa ɗalibaina shi ne na saye da sayarwa. A Sinanci dukansu “mai” ne a rubutun boko. Na sayarwa yana da kari faɗau, kusan yadda muke furta mai na girki ko na mota, don haka Bahaushe yana kama shi a ji ɗaya. Na saye kuwa shi ne mai nutsawa ya ɗago, irin karin da Hausa ba ta da shi a gaɓa guda, domin mu kari uku muka sani: na sama, na ƙasa, da faɗau. Wato biyu daga cikin huɗun nan kyauta muka same su, biyun da ke hawa su ne ke buƙatar gumi. Ɗan kasuwar da ya san haka ya san inda zai zuba ƙoƙarinsa, maimakon ya ɗauka harshen gaba ɗaya dutse ne.

Har tsarin haruffan ma, idan aka daure aka zuba musu ido, ba su rasa dangantaka da abin da muka sani. Mafi yawansu kashi biyu ne, ɗaya yana nuna fagen ma'ana, ɗaya yana ba da hasken furuci. Harafin uwa haɗin alamar mace ne da alamar doki, domin doki “ma” ne, uwa ma “ma” ce. Harafin zagi kuwa bakuna biyu ne a saman dokin. Sinawa suna kiran waɗannan ɓangarori da sunayen siffarsu, su ce ɗigon ruwa uku, su ce mai ciyawa a ka. Da na fara jin haka sai na tuna zaurenmu na allo, inda muka koyi ta kuri da ha kuri da lam jaye, sunayen da malamanmu suka raɗa wa baƙaƙen Larabci don yaro ya gane su da ido.

Sai dai duk wanda zai dogara da muryar waya ya kamata ya san ramukan da ke kan hanya. Na farko yana cikin baƙaƙen bokon da kansu. Tsarin da ake rubuta furucin Sinanci da shi, wanda ake kira pinyin, ya ɗauki haruffan da muka sani ya ba su wani aiki daban. Harafin c a wurinsu ya fi kusa da tsa ɗinmu, q ya fi kusa da ca, x ya fi kusa da sha, zh kuma ya fi kusa da ja. Wanda ya karanta pinyin da ƙa'idar Hausa ko ta Turanci zai fito da abin da babu Basinen da zai gane. Shi ya sa nake gaya wa ƙanena kullum ya saurari muryar tukuna kafin ya kalli rubutun, kada ido ya riga kunne.

Rami na biyu shi ne haruffa masu baki biyu. Akwai harafin da ake karanta shi “xing” idan yana nufin tafiya, amma a cikin kalmar banki sai ya koma “hang”. Akwai wanda yake “chang” idan tsawo ake nufi, ya zama “zhang” idan shugaba ake nufi. Harafin da ke nufin takardar lissafin kaya “dan” ne, amma idan sunan zuriya ne a jikin katin ɗan kasuwa “Shan” ake cewa. Wanda ya haska harafi ɗaya tilo, ya ɗauki furucin farko da ya bayyana, yana iya kiran mutum da sunan rasit. Maganin wannan shi ne a nemi kalma cikakkiya tare da maƙwabtanta, a kuma karanta bayanin har ƙasa.

Rami na uku shi ne, ƙasar Sin ba baki ɗaya take magana da shi ba. Muryar da ke cikin waya ta daidaitaccen Mandarin ce, wanda aka gina a kan lafazin Beijing. 'Yan asalin Guangzhou kuwa harshensu na gida Kantonis ne, suna kallon harafi ɗaya da mutumin Beijing amma kowa da yadda yake furta shi. Ko lokacin da mutanen kudancin ƙasar ke yin Mandarin, da yawansu ba sa rarrabe sa da sha, ga shi kuwa huɗu “si” ne, goma “shi”. Sha huɗu da arba'in sukan zo kusa da juna a bakinsu ƙwarai, sai karin sauti ya raba gardama. A wurin da ake maganar katan nawa za a loda a kwantena, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk lambar da ta shafi kuɗi ko adadin kaya, a sa a rubuta ta da alƙaluma, komai daɗin da hirar baka ta yi.

Bayan waɗannan akwai iyakar da ta fi su girma. A makarantar allo malam yana biya wa almajiri, almajiri ya maimaita, malam ya ce a'a, sake. Wannan “sake” ɗin ita ce rabin karatu. Daga babbaƙu zuwa farfaru babu matakin da aka haye ba tare da kunnen wani babba yana saurare ba. Ƙamus ɗin waya yana biyawa ba dare ba rana, amma bai damu da abin da ya fito daga bakinka ba. Mutum yana iya shekara yana maimaita kuskure ɗaya da cikakkiyar natsuwa. Dabarar da na ga tana taimakawa ita ce a buɗe wurin rubutu da murya, a furta kalmar, a ga ko harafin da ake nufi ne zai fito. Amma wannan ma gwaji ne kawai, ba ya maye gurbin mutum mai rai da zai yi murmushi ya gyara maka. Su kansu Sinawa suna kokawa da wani ciwo da waya ta jawo musu: matasansu da suka saba buga pinyin na'ura ta zaɓo musu harafi, idan suka ɗauki alƙalami sai hannu ya manta yadda ake zana shi. Duk abin da na'ura ta ɗauke wa mutum gaba ɗaya, a hankali yakan fita daga kansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk wannan lamari kuwa bai shafi Sinanci ba, harshenmu ya shafa. Muryar nan da ke fitowa daga waya ba daga sama ta faɗo ba. A watan Fabrairun 1958 ne gwamnatin ƙasar Sin ta amince da pinyin, bayan aikin wani kwamiti da aka fi tunawa da Zhou Youguang a cikinsa, mutumin da asalinsa masanin tattalin arziki ne, wanda ya rasu a 2017 yana da shekara 111. Tun daga lokacin yaransu da pinyin suke fara karatu, da alamar kari a kan kowace gaɓa. A 2013 suka fitar da daidaitaccen jerin haruffa 8,105, aka ware 3,500 a matsayin na amfanin yau da kullum. Da masu ƙera manhaja suka zo, sun tarar an share musu fili, an yi shuka, girbi kawai suka yi.

Mu fa? Rubutun bokonmu ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Fara mai tashi, da fara mai haske, da fara aiki, duk baƙaƙe huɗu ne iri ɗaya. Mu da muka sha harshen a nono ba ma jin nauyin wannan, domin jimla tana gaya mana wanda ake nufi. To amma ɗan Bahaushen da aka haifa a Legas ko Jidda ko Landan fa? Baƙon da ke son koyon harshenmu fa? Ita kanta na'urar da ake koya wa karanta Hausa da murya fa? Duk wanda ya taɓa jin irin waɗannan muryoyi suna karanta labarai ya san yadda suke tauna kalmomi. Matsayin da nake ciki a gaban harafin Sinanci, shi ne matsayin da suke ciki a gaban kalmar fara. Bambancin kawai, ni ina da maɓallin da zan taɓa.

Ba kayan aiki muka rasa ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 duk sun nuna kari da tsawon wasali. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, wanda ya bayyana Hausa da Hausa. Muna da sassan nazarin harsunan Nijeriya a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina, cike da ɗaliban da kowace shekara suke neman batun kundin kammala karatu. A Wudil, nan kusa da mu, akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da matasa masu karatun kwamfuta. Me zai hana waɗannan ɓangarori biyu su zauna a tebur ɗaya? Abin da ake bukata ƙamus ne na waya, kowace kalma da alamar karinta, da muryar namiji da ta mace, da yadda Bakano ke faɗinta da yadda Basakkwace ke faɗinta, har da sunayen garuruwa da ƙauyuka, domin mai karanta labarai a Abuja ya daina karya sunan mahaifar mutane. Aiki ne na haƙuri fiye da na kuɗi. Idan muka bar shi, wasu za su yi mana shi daga nesa, da kunnen da ba namu ba, kuma jikokinmu abin da suka ji a waya shi za su ɗauka daidai.

Haka nan a ɗaya ɓangaren. Gidan Rediyon Ƙasar Sin ya fara watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, shekara takwas kafin Nijeriya da Sin su ƙulla hulɗar jakadanci a 1971, kuma akwai jami'a a Beijing da ke koyar da Hausa har a ba da digiri. Su sun daɗe da fahimtar cewa mai jin harshen abokin cinikinsa shi ke riƙe da igiyar ciniki. A namu gefen, cibiyoyin Confucius da suka fi daɗewa suna koyar da Sinanci a ƙasar nan suna Awka da Legas, dukansu a Kudu, alhali Kano ce cibiyar kasuwancin Arewa, kuma yawan Sinawan da ke cikinta ya kai har masarauta ta naɗa musu wakili a 2019. Muddin ɗan kasuwarmu sai ta bakin tafinta zai ji abin da aka ce a kan kuɗinsa, to a hannun tafinta ribarsa take. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da jami'o'inmu suna da ikon buɗe azuzuwan yamma na Sinancin ciniki, ko da na wata shida ne, inda manhaja za ta zama abin bita a gida, malami kuma ya zama mai gyara a aji.

Kafin a kai ga haka, shawarata ga ɗalibi da ɗan kasuwa da manomi mai waya a hannu ba ta da yawa. A riƙe ƙamus tare da manhajar fassara, kada a wadatu da ɗaya. Duk inda aka ga ma'auni ko adadi ko kwanan wata, a tsaya a nemi harafin shi kaɗai, a ji sunansa, a karanta bayaninsa. Abin da za a ci, ko a sha, ko a fesa a gona, in babu bayanin da hukuma ta amince da shi a jikinsa, a bar shi komai arharsa. Sunan abokin hulɗa kuwa a tambaye shi da kansa yadda yake faɗinsa, domin matambayi ba ya ɓata. Wanda ya koyi harafi biyar a mako, a shekara ya haura 250, kuma wannan ya isa ya sa kwalin da ke rumfarsa ya daina zama zane, ya fara magana.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kuma ba mu himmar yi wa harshenmu hidimar da wasu suka yi wa nasu.